Makonni Uku Lissafinmu Yana Tsaye Ba Mu Sani Ba

Shekara huɗu ke nan nake riƙe wa yayana lissafin kasuwancinsa a nan Jos. Kayan masarufi yake sayarwa, shinkafa da sukari da fulawa da man girki, kuma yana da shago ɗaya a wajen Taminus, ɗaya a Bukuru, sai sito a Katako inda ake sauke kaya idan mota ta iso. Kowane ɗaya daga cikin wuraren nan uku yana da fayil ɗinsa na Excel, inda ake shigar da abin da ya shigo da abin da ya fita da kuma bashin da ake bin 'yan sari. Akwai fayil na huɗu da na raɗa wa suna Jimla, wanda ba a rubuta lamba ko ɗaya a cikinsa da hannu. Fomuloli ne zalla, kowace tana miƙa hannu zuwa ɗaya daga cikin fayiloli ukun nan ta ɗauko adadin da take bukata. Shi Yaya yake dubawa idan yana son sanin inda kasuwa ta kwana, kuma da shi yake fitar da zakkar dukiyarsa duk shekara kafin azumi.

Bara ya sayi sabuwar kwamfuta domin ya riƙa duba lissafin da kansa a gida, ya ce in zuba masa fayilolin. Na buɗe Jimla a kwamfutata, na sake adana shi daga cikin Excel kai tsaye a kan filashi, sannan na kwafi sauran ukun na ajiye su kusa da shi. A gidansa na zuba su duka a folda ɗaya, na buɗe Jimla, sai ga lambobi cif kamar yadda na bar su. Wani ɗan saƙo ya fito da Turanci yana cewa akwai haɗin da ba a iya sabuntawa ba a yanzu, amma da yake idona yana kan lambobin kuma babu wadda ta ɓace, na danna maɓallin ci gaba, muka yi sallama. Daga ranar shi ne yake karɓar fayilolin mako daga yaran shago yana maye gurbin tsofaffin da su.

Bayan makonni uku ya kira ni da dare, bayan sallar isha'i. Ya ce, "Anya lissafin nan lafiya yake? An sauke mana shinkafa a Katako, Bukuru kuma an yi ciniki sosai, amma jimlar kaya ko buhu ɗaya ba ta motsa ba." Na ce, "To, Yaya, kada ka yi aiki da shi tukuna, in sha Allahu da sassafe zan zo." Washegari da na danna gurbin da ke ɗauke da kayan Bukuru, na duba fomular a sama, nan take na ga inda gizo ke saƙa. Fomular tana neman fayil ɗin Bukuru ne a faifan C, cikin foldar da ke ɗauke da sunana, wato a tawa kwamfutar da ke can gida a rufe. Fayil ɗin Bukuru na gaskiya, mai sabbin lambobi, yana nan gefenta a folda ɗaya, amma ba shi aka ce ta nema ba.

Abin da ya kamata duk mai haɗa fayiloli ya fara fahimta shi ne, fomular da ke ɗauko adadi daga wani fayil ba ta ɗauke da kayan, adireshin kayan take ɗauke da shi. Tare da adireshin, Excel yana haddace adadin da ya gani a karo na ƙarshe da ya samu isa wurin, domin mutum ya iya karanta lissafinsa ko da sauran fayilolin ba su kusa. Wanda yake son ganin haka da idonsa zai iya, domin tun daga Office 2007 fayil mai ƙarshen xlsx ƙunshi ne irin na zip: idan aka kwafe shi aka mayar da ƙarshen sunan kwafin zuwa zip aka buɗe, za a tarar da wata folda ta haɗin waje, inda adireshin yake rubuce tare da lambobin da aka haddace. Wannan hadda tana da amfani, amma ita ce ta kusa cutar da mu. Da a ce gurbin ya nuna #REF!, alamar kuskure ta Excel, da tun ranar farko mun tsaya, domin wannan alamar ba ta barin kowa ya wuce. Lambar da ta tsufa kuwa ba ta da wata alama a jikinta. Da waƙafinta da sifilinta take zaune, kamar ta yau. Zakkar kayan ciniki ɗaya ce cikin arba'in na ƙimar abin da ke hannu ranar da shekara ta cika, kuma da Yaya ya yi lissafinta a kan wancan adadin, da ya tauye haƙƙin masu haƙƙi alhali yana ganin ya sauke nauyi. Wannan tunanin ne ya hana ni ɗaukar abin a matsayin ƙaramin kuskuren na'ura.

Kwatance iri biyu ne. Idan baƙo ya tambaye ka gidan wani, kana iya ce masa ɗakinsa ne yake kallon nawa, kana kuma iya ba shi sunan unguwa da titi da lambar gida. Na farkon yana nan daram ko da ku biyun kun tashi tare kun koma Bukuru, muddin ɗakunanku suna kallon juna a sabon gidan, na biyun kuwa ranar da aka tashi ya mutu. Excel yana amfani da duka biyun, kuma shi yake zaɓa gwargwadon inda fayilolin suke a lokacin da aka adana. Idan fayil mai ɗauko adadi da wanda ake ɗaukowa daga gare shi suna cikin folda ɗaya, sunan fayil ɗin kawai yake ajiyewa. Idan na biyun yana cikin wata ƙaramar folda a ƙarƙashin ta farkon, ɗan guntun hanyar da ke tsakaninsu yake ajiyewa. Amma idan suna kan faifai daban-daban, ɗaya a C ɗaya a E misali, to cikakken adireshi yake rubutawa, tun daga harafin faifan har zuwa sunan fayil. Akwai abin da ke rikita mutane a nan, kuma ni ma ya daɗe yana rikita ni: idan fayil ɗin da ake ɗaukowa daga gare shi yana rufe, Excel yana nuna cikakken adireshi a layin fomula ko da a cikinsa sunan kawai ya ajiye. Saboda haka ganin dogon adireshi ba shi ne matsala ba. Abin dubawa shi ne ko adireshin yana nuna foldar da kake ciki yanzu ko wata can daban.

Da wannan na gane ainihin abin da na yi. Lokacin da na sake adana Jimla a kan filashi daga cikin Excel, manhajar ta ga fayil ɗin ya koma wani faifai alhali 'yan'uwansa uku suna nan a C, sai ta yi abin da ya dace da abin da ta gani, ta rubuta cikakken adireshinsu na kwamfutata domin kada haɗin ya yanke. Kwafin ukun da na ɗora a filashin daga baya ba su canza komai ba, tunda an riga an gaya wa Jimla inda zai nema. Da na rufe Excel gaba ɗaya, na kwafi foldar dungurungum daga mai binciken fayil na Windows, da ba a taɓa abin da ke cikin Jimla ba, kuma da ya farka a sabuwar kwamfutar ya tarar da maƙwabtansa a gefensa kamar kullum. Bambancin ke nan, kuma a ido ƙarami ne ƙwarai: sake adanawa daga cikin manhaja yana sa ta sake rubuta adireshi, kwafar folda daga waje kuwa ba ya sa ta.

Tun daga lokacin ba na matsar da fayil shi kaɗai. Foldar nake ɗauka da duk abin da ke cikinta, kuma idan ta imel ko ta WhatsApp za a aika, sai in dunƙule ta zuwa zip guda ɗaya. Wanda ya karɓa dole ya warware ƙunshin tukuna kafin ya buɗe komai, domin idan ya danna fayil ɗin daga cikin zip ɗin, Windows yana fitar da shi kaɗai ne zuwa wata folda ta wucin gadi inda babu sauran. Ba na kuma son a riƙa aiki a kan filashi kai tsaye. Harafin da Windows yake ba shi ba tabbatacce ba ne, yau E ne a wannan kwamfutar, gobe F ne a waccan, kuma duk haɗin da aka ƙulla tsakaninsa da fayil ɗin da ke cikin kwamfuta yana rataye ne da wannan harafin. Ga kuma halin wutarmu, da take ɗaukewa ba sallama. Kwamfutar tebur da ba ta da batir idan ta mutu ana cikin adanawa, abin da ke kan filashi yana iya lalacewa.

Gyaran da na yi wa Yaya bai ɗauki minti goma ba. A ƙarƙashin sashen Data akwai maɓallin da ke nuna duk fayilolin da lissafin yake dogaro da su. A tsofaffin Excel an rubuta Edit Links a kansa, a na Microsoft 365 na yanzu kuma Workbook Links. Daga nan ana zaɓar kowane fayil, a danna Change Source, a nuna masa na gaskiya da ke cikin sabuwar folda, sannan a adana. Na yi wa ukun haka ɗaya bayan ɗaya, lambobin suka motsa, shinkafar Katako ta bayyana. A wannan akwatin dai akwai wani maɓalli na yanke haɗi, kuma ina gargaɗin kowa da shi, domin yana mayar da fomulolin zuwa lambobi tsagwaronsu, kuma ba a iya janye shi bayan an danna. Yana da ranarsa, kamar idan za a aika wa mai binciken kuɗi ko banki lissafin ƙarshen shekara da ba a so ya sake canzawa, amma a kan kwafi ake yinsa, ba a kan asalin ba. Idan kuma bayan gyaran saƙon haɗi ya ci gaba da fitowa, to akwai wani tsohon adireshi da ya ɓuya. Nakan nemi alamar baka mai kusurwa, wato [, wadda Excel yake kewaye sunan fayil da ita, a cikin fomulolin dukkan shafuka. Idan ban samu ba sai in duba jerin sunayen da aka raɗa wa gurabe, da zanen jadawali, domin nan ne ya fi maƙalewa.

Ana gama wannan sai wata ta ɓullo, kuma ita ce ta fi dacewa da yadda muke aiki a ƙasar nan. Yaron shagon Bukuru yana turo fayil ɗinsa ta WhatsApp duk Asabar. Idan aka sauke shi a foldar da ke da mai irin sunansa, kwamfuta takan ƙara masa lamba ɗaya ko biyu a ƙarshen suna domin kada ya danne na farko. Ga ɗan'adam Bukuru ne dai, amma ga fomula wannan wani fayil ne dabam da ba ta san shi ba, sai ta ci gaba da karanta tsohon da ke zaune da ainihin sunan. A nan ko saƙon gargaɗi ba zai fito ba, tunda ta samu abin da take nema, kuma hakan ya fi na farkon haɗari. Haka ma idan yaro ya ga dama ya ƙara kwanan wata a sunan domin ya kyautata aiki. Na roƙe su da su bar sunayen yadda suke, kuma na nuna wa Yaya cewa sabon fayil dole ya danne tsohon da suna iri ɗaya, harafi da harafi. Tsofaffin da muke son ajiyewa domin tarihi muna kwashe su zuwa wata folda dabam kafin a zuba sabbin. In har akwai dalilin canza suna, hanyar da ba ta yanke haɗi ita ce a buɗe Jimla da fayil ɗin tare, a sake adana fayil ɗin da sabon suna daga cikin Excel, sannan a adana Jimla, domin idan suna buɗe tare manhajar tana gyara fomulolin da kanta.

Wannan maganar ta buɗewa tare tana da wani reshe da ban taɓa jin an yi wa masu koyo bayaninsa ba, kuma a ganina ya fi sauran muhimmanci. A ce jimlar kayan Katako tana layi na 40, fomular Jimla kuma tana nuna layi na 40. Idan mai kula da sito ya shigar da sabon layi a tsakiya domin wani kaya da aka fara kawowa, jimlar ta sauka zuwa layi na 41. Da Jimla yana buɗe a lokacin, da Excel ya gyara fomular ta bi ta. Amma mai sito yana Katako, Jimla yana gidan Yaya a rufe, don haka fomular tana nan a 40, inda yanzu adadin kwalin taliya ne ko na wani abu yake zaune. Haɗin bai yanke ba, lambar ma sabuwa ce, amma ba ita ake nufi ba. Maganin shi ne a raɗa wa gurbin suna a cikin fayil ɗin da yake, kamar JimlarKaya, sannan fomula ta kira sunan maimakon lambar layi. Sunan yana bin gurbin duk inda ya koma, ko da an shigar da layi ɗari a samansa. Na ɓata yammaci guda ina mayar da duk fomulolinmu haka, kuma ban taɓa yin aikin da ya biya ni kamarsa ba a cikin lissafin nan.

Akwai kuma wasu fomuloli da ba su iya karanta fayil a rufe. SUMIF da COUNTIF, masu tarawa da ƙirgawa bisa sharaɗi, suna nuna alamar kuskure ta #VALUE! idan aka sabunta alhali fayil ɗin da suke dogaro da shi ba a buɗe yake ba, INDIRECT kuma yana nuna #REF!, yayin da VLOOKUP da INDEX da SUMPRODUCT suke aikinsu ko a rufe yake. Mutum zai iya matsar da foldarsa daidai, ya ga waɗannan alamomin, ya ɗauka tafiyar ce ta ɓata masa aiki, alhali buɗe fayil ɗin kawai zai warware. Ni dai na bar duk wani lissafi mai sharaɗi a cikin fayil ɗin kowane shago, Jimla kuma sakamakon kawai yake ɗaukowa.

Wasu abokai sun ce mu koma kan intanet mu huta. Akwai gaskiya a ciki, amma ba a shiga da ka. Idan aka mayar da folda cikin OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, adireshin haɗin yakan koma na intanet, don haka dole a sake dubawa bayan an matsar. Google Sheets kuwa bai san foldar kwamfutarka ba sam. Tasa hanyar ita ce fomular IMPORTRANGE, wadda ke kiran ɗaya jadawalin da adireshinsa na intanet kuma take neman izini a karon farko, wato sai an sake ƙulla haɗin daga tushe. Wanda yake amfani da manhajar LibreOffice maimakon Excel zai tarar da zaɓi a cikin saitunan adanawa na ajiye adireshi gwargwadon inda fayil yake, kuma ya kamata ya tabbatar a kunne yake. Fayil mai ƙarshen CSV kuwa ba ya ɗaukar fomula ko ɗaya, lambobin shafi guda kawai yake fitarwa, don haka ba hanyar ƙaura ba ce. Mu dai mun tsaya a kan folda, saboda sabis a cikin sito ba abin dogaro ba ne, kuma ba na son shigar da kaya ya tsaya don data ta ƙare.

Da a ce mutum ɗaya ne yake shigar da komai, shawarata ita ce ya haɗa shafukan duka a fayil guda, domin fomular da ke tsakanin shafi da shafi a gida ɗaya ba ta da adireshin da zai ɓace. Na ga mutane suna raba lissafi gida biyar ba tare da wani dalili ba sai don ya yi kyan gani a folda, suna saya wa kansu wahala. Mu abin da ya tilasta mana rabawa shi ne mutane uku ne suke rubutu a wurare uku a lokaci ɗaya, kuma bai dace yaron wani shago ya riƙa ganin ciniki da bashin ɗaya shagon ba.

Tunda dole mu zauna da haɗin, sai na nemi hanyar da lissafin zai riƙa faɗin shekarunsa da bakinsa. A gefen jimlar kowane shago na ƙara gurbi guda da ke ɗauko kwanan wata mafi kusa daga layin kwanakin fayil ɗin shagon, da fomular MAX, wadda take aiki ko fayil ɗin yana rufe. Idan haɗin ya yanke, ko tsohon fayil ake karantawa, kwanan watan zai tsaya tare da lambar, kuma tsohon kwanan wata ido yana kama shi nan take, saɓanin tsohuwar jimla. Na sa gurbin ya koma ja idan kwanan ya wuce kwana bakwai. Duk sanda aka matsar da foldar zuwa wata kwamfuta kuma, kafin a yarda da ita, nakan buɗe fayil ɗin shago ɗaya, in ƙara buhu ɗaya a wani kaya, in adana, in rufe, in buɗe Jimla in sabunta, in ga ko ya ƙaru da ɗaya, sannan in koma in cire. Haka nake yi wa ukun.

Yanzu ranar Asabar da dare Yaya yakan sauke fayiloli ukun, ya kwashe na makon jiya zuwa foldar tarihi, ya zuba sabbin da sunayensu na asali, ya buɗe Jimla ya amince a sabunta. Kafin ya kalli kuɗi, kwanakin nan uku yake fara dubawa. Makon da ya wuce na Katako ya fito ja, ya kira mai sito, ashe fayil ɗin wancan makon ya sake turowa bisa kuskure. Aka turo na daidai kafin a kwanta.